Tambaya da Amsa: Babban mabuɗi yana nan daram, amma ɗaliba ɗaya ta fito sau uku a tebur

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne nake kula da kwamfutar wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada, Kaduna, wadda take da sashen firamare da ƙaramar sakandare da kuma Islamiyyar yamma. Shekara biyu ke nan da wani matashi ya haɗa mana manhajar rajistar ɗalibai da biyan kuɗin makaranta a kan MySQL, wato manhajar rumbun bayanai mai adana su a cikin tebura, daga baya ya tafi bautar ƙasa, aikin ya dawo hannuna. A farkon wannan zango, da muka buga jerin waɗanda ake bi bashi, sai wata yarinya 'yar aji huɗu ta fito sau uku: a wuri ɗaya ta biya, a sauran biyun kuma ana bin ta kuɗin zango cikakke. An aika wa mahaifinta takardar tuni, ya zo da rasit ɗinsa a hannu ransa a ɓace, kuma shi ne da gaskiya. Da na bincika na tarar ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne teburin ɗaliban yana da babban mabuɗi, wato PRIMARY KEY, a kan gurbin id, kuma an koya mana cewa mabuɗin nan ba ya barin layi ya maimaitu. Shin rumbun bayanan ne ya lalace saboda yawan ɗauke wuta? Kuma zan iya goge layukan da suka maimaitu kawai in huta?

Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce ta fi gaggawa: kada ka goge ko da layi ɗaya tukuna, kuma ka roƙi ma'ajin makarantar ya dakatar da aika takardun tuni har sai an gama gyara. Game da lalacewar rumbu kuwa, bisa ga yadda ka zayyana lamarin, ina kyautata zaton rumbunka lafiya lau yake, kuma mabuɗin yana yin aikin da aka ɗora masa. Matsalar ita ce aikin da aka ɗora masa ɗin bai kai wanda kake tsammani ba.

Tun daga 1970, lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarin adana bayanai a cikin tebura masu alaƙa da juna, ake tafiya a kan cewa dole kowane layi ya kasance yana da abin da zai bambanta shi da sauran. Alkawari biyu kacal babban mabuɗi yake ɗauka. Na farko, ba za a sami layi biyu masu ƙima ɗaya a cikin gurbin da aka ɗora shi a kai ba. Na biyu, ba za a bar wannan gurbi babu komai ba. Bai ce uffan a kan suna ko aji ko ranar haihuwa ba. To, gurbin id na irin manhajojin da ake haɗa wa makarantunmu kusan kullum lamba ce da rumbun yake bayarwa da kansa ta hanyar AUTO_INCREMENT, duk sanda aka shigar da sabon layi sai ya ƙara ɗaya a kan ta baya. Ka ɗauke shi kamar kundin rasit ɗin da ke kan teburin ma'ajinku. Kowace takarda a ciki da lambarta, kuma ba za ka taɓa samun biyu masu lamba ɗaya ba. Amma idan ma'aji ya rubuta wa mutum ɗaya rasit uku a kan kuɗi ɗaya, kundin ba zai hana shi ba, domin kundin lambobinsa yake tsarewa, bai san fuskar mai biya ba. Yarinyar nan, a wurin rumbun, yara uku ce masu lamba daban-daban waɗanda sunansu ya zo ɗaya.

Kada ka karɓi wannan daga bakina ba tare da ka gwada ba. Ka buɗe phpMyAdmin ko duk inda kake rubuta umarni, ka sa wannan, bisa ƙaddara cewa sunan teburin dalibai ne:

SELECT id, COUNT(*) FROM dalibai GROUP BY id HAVING COUNT(*) > 1;

Idan bai dawo da komai ba, to babu lambar da ta maimaitu, mabuɗin yana nan da ƙarfinsa. Daga nan sai ka sa SHOW CREATE TABLE dalibai, umarnin da yake nuna yadda aka gina teburin, ka karanta abin da ya fito da idonka, domin sau da yawa mutum yana rantsuwa cewa akwai mabuɗi alhali tuni ya salwanta. Wanda ya kwafi tebur da umarnin CREATE TABLE haɗe da SELECT ya kwashe layukan ne kawai, mabuɗin bai biyo su ba, kuma idan daga baya aka mayar da kwafin ya zama shi ne teburin aiki, an zauna ke nan babu mai gadi. Ka duba kuma ko mabuɗin a kan gurbi ɗaya yake ko a kan biyu. Idan an ɗora shi a kan id da shekarar karatu a haɗe, to haɗin ne ba zai maimaitu ba, amma id shi kaɗai yana iya fitowa sau da dama ba tare da an karya wata ƙa'ida ba.

Akwai kuma maimaicin da ba ya cikin teburin sam, a kan takarda kawai yake. Idan rahoto ya haɗa teburin ɗalibai da na biyan kuɗi ta hanyar JOIN, yaron da mahaifinsa ya biya kashi-kashi har sau uku zai fito a layi uku, kuma maganin wannan shi ne a gyara rahoton ya tattara kuɗin da SUM da GROUP BY. Sai dai ba na jin wannan ce matsalarka, tunda ka ce a wuri ɗaya ta biya, a wurare biyu ana bin ta. Wannan alama ce ta lambobi uku daban, kuɗin ya sauka a kan ɗaya daga cikinsu.

Yanzu ka nemo layukan yarinyar guda uku ka dubi lambobinsu, domin su za su gaya maka ta ƙofar da ɓarnar ta shigo. Idan biyu daga ciki suna bin juna, misali 587 da 588, kuma lokacin shigar da su bai wuce tazarar 'yan daƙiƙu ba, to maɓallin ajiya aka danna sau biyu. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin makaranta a makon farko na komawa hutu ya san yanayin: iyaye sun yi layi har bakin ƙofa, sabis yana jan ƙafa, akawu ya danna, shafin yana ta juyawa bai ce komai ba, uba yana tsaye a kansa yana duba agogo, sai ya sake dannawa. Saƙon farko ya riga ya isa, na biyu ma ya bi shi. Ba na ganin laifin akawun a nan, domin duk manhajar da za a yi aiki da ita a inda sabis yake yankewa wajibi ne a gina ta da sanin cewa za a danna sau biyu. Idan kuwa ka tarar da tarin yara da kowannensu ya maimaitu, kuma tazarar da ke tsakanin lambarsa ta farko da ta biyu iri ɗaya ce ga kowa, to an loda fayil ɗin Excel ɗaya har sau biyu.

Ƙofa ta uku ita ce ta fi yawa a wurinmu, kuma ita ce ta fi wuyar toshewa. Lambobin suna nesa da juna, misali 214 da 587, ma'ana an sake yi wa yarinyar rajista bayan watanni, wataƙila a sashen Islamiyya, wataƙila a sabuwar shekarar karatu, saboda wanda ke kan kwamfuta ya nemi sunanta bai gani ba. Me ya sa bai gani ba? Saboda sunayenmu ba su da rubutu ɗaya tsayayye. Wani ya rubuta A'isha, wani Aisha, wani Aishatu. Sunan uba yau Muhammad, gobe Muhammadu, jibi Mohammed kamar yadda yake a katin aikinsa. Ɗahiru da aka buga a wayar da ke da haruffa masu lanƙwasa da Dahiru da aka buga a madannin ofis, a idon malamin aji mutum ɗaya ne, amma a tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, harafin ɗ lambarsa daban da ta d, haka ma ƙ da k, da ɓ da b. Hatta alamar hamza da ke cikin A'isha ko Sa'adatu ba iri ɗaya ba ce: akwai miƙaƙƙiya da madanni yake bayarwa, akwai lanƙwasasshiya da Microsoft Word yake mayar da ita da kansa, kuma duk sunan da aka kwafo daga wasiƙa ko jerin da aka buga a Word yana iya zuwa da ta biyun. Ga kuma tazarar da yatsa yake bari a farkon suna ko a ƙarshensa ba tare da an lura ba. Idan kana son ka kama irin waɗannan, ka nemi LENGTH da HEX, wato tsawon rubutun da lambobin haruffansa, na sunayen biyu da suke maka kama da juna. Idan sakamakon ya bambanta, to akwai harafin da idonka ba ya gani.

Lambar waya ma haka take. Wani akawu ya fara da 0803, wani ya fara da +234803, wani ya raba lambobin da tazara. Excel kuma yana da ɗabi'ar cire sifilin farko idan ya ɗauki gurbin a matsayin adadi, sannan lambar da ta kai rukuni 12 ko fiye, kamar wadda aka fara da 234, yakan nuna ta a dunƙule da harafin E a ciki, kuma idan aka adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, ƙarshen lambar ya tafi ke nan.

Wataƙila za ka tarar matashin da ya haɗa manhajar ya sa ta tana bincikawa kafin ta ajiye, wato ta fara tambayar rumbun ko akwai mai wannan suna, idan babu sannan ta shigar. Ƙoƙari ne mai kyau, amma ba ya isa. Tsakanin tambayar da shigarwar akwai ɗan lokaci, kuma idan saƙo biyu suka iso tare, daga kwamfuta biyu ko daga danna biyu, kowanne zai tambaya a ce masa babu, kowanne kuma ya shigar. Rumbun ne kaɗai yake iya yanke hukunci a tsakaninsu, shi ma sai an gaya masa abin da zai tsare.

Nan ne ainihin aikin yake, kuma ba aikin kwamfuta ba ne, aikin zama da hedimasta ne. Dole makarantarku ta amsa wannan tambaya: mene ne yake sa ɗalibi ya zama shi ne shi, ba wani ba? Ina gargaɗinka da kada ka yi saurin cewa suna da sunan uba. A babban gida irin namu, inda 'ya'yan wa da ƙani suke tashi tare, ba abin mamaki ba ne a sami yara biyu ko uku da aka sa wa sunan kaka ɗaya, a gida ana kiran wannan Abba, wancan Baffa, amma a rajista dukkansu suna ɗaya ne, kuma sunan gidan da suke amfani da shi ɗaya. Ranar haihuwa haɗe da lambar wayar uba ita ma ba za ta yi ba, domin Hassan da Hussaini za su ci karo, ban da yaran da iyayensu ba su riƙe ranar ba, akawu ya cike musu 1 ga Janairu. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN mai rukuni 11 ta fi waɗannan ƙarfi, kuma tunda hukumar JAMB ta wajabta ta ga masu zana jarrabawarta daga 2021, yana da kyau ku buɗe mata gurbi tun yanzu, amma ba kowane ɗan firamare ne yake da ita ba, saboda haka ba za ku jingina rajista gaba ɗaya a kanta ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne lambar shiga makaranta, wadda ake ba yaro sau ɗaya tak ranar da aka karɓe shi, a rubuta ta a babbar rajistar takarda da bangon fayil ɗinsa da katinsa da kowane rasit, ta bi shi daga aji ɗaya har ya gama, ko da ya shiga Islamiyya ko ya tafi ya dawo. Sharaɗin shi ne kada manhajar ta riƙa ƙirƙiro ta kai tsaye duk sanda aka danna ajiya, domin idan aka yi haka an sake komawa gidan jiya, an sami id na biyu da wani suna. Mutum ɗaya ne zai riƙa fitar da ita daga rajistar takarda. Sannan a ɗora mata ƙa'idar UNIQUE, wadda take hana maimaici, tare da NOT NULL, wadda take hana barin gurbin babu komai. Na ce tare, saboda a MySQL, haka ma a takwaransa PostgreSQL idan ba a sauya tsarinsa na asali ba, ƙa'idar UNIQUE tana barin layuka da yawa su zauna da NULL, wato babu komai a gurbin, domin rumbun bai ɗauki rashin ƙima a matsayin ƙimar da za ta yi daidai da wata ba. Idan ka bar wannan ƙofa a buɗe, ranar da ofis ya cika, za a tsallake gurbin a ce za a cike daga baya. Teburin biyan kuɗi shi ma a ɗora wa lambar rasit irin wannan ƙa'ida, ita ce za ta kashe matsalar danna biyu a wurin ma'aji. A ɓangaren manhajar kuwa, a sa maɓallin ya daskare da zarar an danna shi, kuma kafin a yi wa sabon yaro rajista ta nuna wa akawu sunayen da suka yi kama da nasa domin ya duba da idonsa.

Amma rumbun ba zai karɓi sabuwar ƙa'idar ba sai an share abin da ke ciki, kuma a nan nake so ka tafi a hankali. Ka fara da ɗaukar cikakken kwafin ajiya da mysqldump, ka mayar da shi a wata kwamfuta daban ka tabbatar yana buɗuwa, sannan ka yi gwajin duk abin da za ka yi a kan wannan kwafin. Ka fitar da jerin waɗanda ake zargin sun maimaitu, ka buga shi a takarda, ka zauna da malaman aji su tantance maka wanda yake mutum ɗaya da wanda yake 'yan'uwa ne masu suna ɗaya, domin su ne suka san yaran. Wannan jeri kada ya fita daga makaranta, kada ka tura shi zauren WhatsApp na masu sana'a don neman taimako. Sunayen yara ne da lambobin iyayensu, amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk wanda yake riƙe da irin su.

Ga kowane yaro sai ka zaɓi layin da zai rayu, galibi mafi daɗewa. Kafin ka taɓa sauran, ka kwashe duk abin da ke rataye a jikinsu ka mayar kan wanda zai rayu: biyan kuɗi, sakamakon jarrabawa, rajistar halarta. Ga misali a kan teburin biya:

UPDATE biya SET dalibi_id = 214 WHERE dalibi_id IN (587, 588);

Ka yi wannan a cikin START TRANSACTION, wanda yake riƙe sauyin har sai ka tabbatar da shi, ka ƙirga jimillar kuɗin da ke teburin kafin da bayan aikin, idan sun yi daidai ka sa COMMIT domin tabbatar da sauyin, idan sun saɓa ka sa ROLLBACK domin soke shi. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne na taɓa gani da idona. Shekarun baya an kira ni wata ƙungiyar adashin ma'aikata a nan Kaduna bayan mai kula da kwamfutarsu ya goge layukan da suka maimaitu da umarni ɗaya. Bai san an ɗaure teburin zubi da na mambobi da ON DELETE CASCADE ba, wanda ma'anarsa ita ce idan aka goge mutum, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya bi shi. Zubin watanni na mutane da dama ya ɓace, babu kwafin ajiya, sai da muka kwashe kwanaki muna bin kundin rasit takarda bayan takarda, wata dattijuwa tana zaune a kan benci da ɗan littafinta a cikin leda tana jira a tabbatar mata kuɗinta bai salwanta ba. An dawo da komai, amma ba na fatan ka ga irin wannan rana. Inda ba a ɗaure teburan da juna ba sam kuma, kuɗin ba zai goge ba, amma zai zauna maraya yana nuni ga lambar da babu mai ita, kuma ba zai ƙara fitowa a rahoton kowa ba.

Bayan an gama sai ka sa ALTER TABLE dalibai ADD UNIQUE (lambar_shiga). Idan ya ƙi, ya nuna maka kuskure mai lamba 1062, kada hankalinka ya tashi. Yana gaya maka ne akwai sauran maimaicin da ka tsallake, har ma zai faɗa maka ƙimar.

Batun ɗauke wuta kuwa, ban kore shi gaba ɗaya ba. A cikin abin da SHOW CREATE TABLE ya nuna maka, ka dubi ƙarshensa, inda aka rubuta sunan injin da ke adana teburin. Idan ka ga InnoDB, wanda shi ne zaɓin asali tun daga MySQL 5.5, yana da kundin da yake farfaɗowa da shi idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. Idan ka ga MyISAM, ba shi da wannan kariya, kuma ROLLBACK ɗin da na ambata ba ya aiki a kansa, saboda haka ka sa CHECK TABLE domin duba lafiyar teburin, sannan ka mayar da teburin InnoDB kafin ka fara sharar. Ko wanne ne, ka roƙi mai makaranta ya sayi ƙaramin UPS ga kwamfutar da rumbun yake ciki. Shi kuma mahaifin yarinyar, ya cancanci a kira shi a ba shi haƙuri a gaya masa an gano inda kuskuren yake.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina aiki da wata ƙungiyar gama kai ta mata a Barnawa, rumbunmu PostgreSQL ne, kuma babban mabuɗin shi ne lambar mamba, wadda take da haruffa da karan ɗori a ciki. Bayan an sabunta mana uwar garke daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, wato nau'in tsarin Linux da take aiki da shi, na ga mamba biyu da lamba ɗaya sak. Idan na nemi lambar, wani lokaci layi ɗaya ne yake fitowa, amma a cikakken jeri biyu ne.

Daga wata mai karatu, Barnawa, Kaduna.

AMSA

Malama, barka kadai. Taki ta bambanta da ta ɗan'uwanmu na Tudun Wada, domin a wurinki da alama mabuɗin ne da kansa ya sami rauni, kuma ina ganin na san musabbabin. PostgreSQL ba ya karanta teburin gaba ɗaya duk sanda zai tabbatar da cewa lamba ba ta maimaitu ba. Fihirisa yake dubawa, wato jerin lambobin da yake ajiyewa a gefe domin saurin nema, wadda aka jera ta bi-da-bi. Tsarin jera haruffan kuwa, a mafi yawan lokuta, daga tsarin Linux ɗin yake aro shi, daga wani ɓangare mai suna glibc. A 2018 aka fitar da glibc 2.28 da gagarumin sauyi a wannan jeri, kuma sauyin ya shafi yadda ake lissafa alamomi irin su karan ɗori. Ubuntu 18.04 yana ɗauke da 2.27, shi kuma 20.04 yana ɗauke da 2.31, wato kun tsallaka wannan iyaka. Misalin da aka saba gwadawa da shi a tsarin Ingilishin Amurka shi ne 11 da 1-1: a tsohon jeri 11 ne a gaba, a sabon kuma 1-1.

Ki ɗauka wata akawu ta jera katunan mambobi a akwati, ta cusa sunayen da suka fara da ts a cikin na t. Da ta bar aiki sai wadda ta gaje ta, wadda ta koyi cewa ts harafi ne mai zaman kansa, ta riƙa neman Tsahara a bayan dukkan t. Ba za ta gan ta ba, sai ta buɗe mata sabon kati. Abin da ya faru da fihirisarki ke nan: an jera ta da tsohuwar ƙa'ida, ana bincikenta da sabuwa. Mabuɗin da yake lamba zalla bai shiga wannan matsala ba, na haruffa ne abin ya shafa. Da an kwashe bayanan da pg_dump an sake zuba su, da an gina fihirisar daga farko, amma idan an sabunta tsarin a kan fayilolin da suke nan, tsohuwar fihirisa ce take ci gaba da aiki.

Ki dakatar da shigar da sababbin bayanai, ki ɗauki kwafin ajiya. Sannan, domin ki tilasta wa rumbun karanta teburin kansa, ki kashe enable_indexscan da enable_indexonlyscan da enable_bitmapscan a zaman da kike ciki, ki ƙirga maimaicin da GROUP BY kamar yadda na nuna a sama. Tunda layukan biyu mabuɗinsu ɗaya ne, za ki bambance su da ctid, wato ɓoyayyen gurbin da ke nuna mazaunin kowane layi a cikin fayil. Ki kwatanta su da littafin ƙungiya, ki haɗe abin da ya kamata a haɗe, ki cire ɗaya, sannan ki sa REINDEX, umarnin sake gina fihirisa, wanda ba zai yi nasara ba matuƙar akwai sauran maimaici. Kada ki tsaya a kan wannan tebur kaɗai, duk fihirisar da aka gina a kan haruffa a rumbun tana buƙatar a sake ta, kuma ƙarin manhajar amcheck, wadda take zuwa tare da PostgreSQL tun fitowa ta 10, za ta nuna miki waɗanda jerinsu ya karkace. Idan ba ki taɓa yin irin wannan aiki ba, ki nemi wanda ya sabunta uwar garken ya zauna tare da ke, tunda kuɗin mutane ne a ciki.

TAMBAYA

Malam, ina taya mahaifina lissafin shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da wata 'yar manhaja da na haɗa a kan ƙaramin rumbun bayanai mai suna SQLite. Lambar kaya ce babban mabuɗi, amma na tarar da layuka da yawa da gurbin babu komai.

Daga wani ɗalibi, Kawo, Kaduna.

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da taimakon mahaifi. Ba kai ka yi kuskure ba, wannan tsohuwar ɗabi'a ce ta SQLite wadda masu shi da kansu suka bayyana: saboda wani kuskure na fitowar farko da aka bari don kada tsofaffin manhajoji su lalace, yana barin NULL ya shiga babban mabuɗi idan ba INTEGER PRIMARY KEY ba ne, wato mabuɗin lamba zalla, kuma tunda NULL ba ya daidai da wani NULL, sai su taru. Ka fara ba kowane kaya da ke cikin waɗannan layuka lambarsa, kana duba kanta don kada ka ba abu ɗaya lamba biyu. Sannan ka ƙirƙiri sabon tebur, ka rubuta NOT NULL ƙarara a gaban lambar kayan, ka kwashe layukan zuwa cikinsa, ka sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Idan SQLite ɗinka ya kai 3.37, wanda ya fito a ƙarshen 2021, kana iya ƙara kalmar STRICT a ƙarshen umarnin ƙirƙirar teburin, ita ma tana rufe wannan ƙofa. Kayan da suke zuwa babu lamba a jikinsu, irin waɗanda ake aunawa ko ake sayarwa da yadi, ka ware musu jerin lambobi na shago, ka rubuta a jikin kanta inda yaran shago za su gani.